Rediyon Udoji

Duk malamin da ya taɓa zama cikin kwamitin jarraba ɗalibai ranar kare kundin kammala karatu ya san wani irin shiru da ba a samunsa ko'ina sai a wannan ɗaki. Shi ne shirun ɗalibin da aka tambaya ma'anar wata jimla a shafi na 12 na kundinsa, ya duƙa yana dubanta kamar yau ya fara ganinta, domin kuwa yau ɗin ne ya fara ganinta. Mun yi shekaru goma sha wani abu muna koyar da adabi, mun ji wannan shiru sau da dama, kuma ba mu taɓa yi wa mai shi sassauci ba. Mun kawo wannan magana tun farko ne don mai karatu ya san ko wane irin mutum ne ya sa hannu a aljihu, wani yammaci cikin watan Disamba na 2023, a Fadan Kagoma, zai ba da kuɗi a sayo wa 'yar yayarsa aikin kammala karatu.

Shekarar ba ta zo wa mutanen kudancin Kaduna da daɗi ba. Tun cikin damina wata cuta ta faɗa wa citta, ganye ya yi ɗorawa ya bushe, saiwa ta ruɓe a ƙasa, tun daga Kachia zuwa Kwoi har ƙasar Jama'a. Gonakin da aka sa wa rai za su biya kuɗin makaranta sai suka koma wari. Yayarmu tana cikin waɗanda abin ya ritsa da su, ga kuma 'yarta ta ƙarshe, wadda duk gida ke kira Auta, tana shekarar ƙarshe ta difloma a fannin lantarki a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Aikin da aka ba ta shi ne ta ƙera rediyo mai kama tasha, na tsarin analog, ta rubuta bayanin yadda yake aiki, sa'an nan ta tsaya gaban malamai ta kare shi. Idan ta faɗi, maimaita shekara ke nan, kuma babu wanda bai san cewa babu kuɗin wata shekarar ba.

Ita ce ta ba mu labarin wani mutum mai shago a bayan makarantarsu, wanda ke sayar da irin wannan aiki a gama: akwati mai sheƙi, da ɗan gilashi mai nuna lambar tasha, da kundi an buga an ɗinke, sunan ɗalibi kawai za a cike. Kuɗinsa bai kai na buhun masara biyu ba. Ba ta roƙe mu ba, labari kawai ta bayar tana kallon ƙasa. Mu ne da bakinmu muka ce ai wannan ya fi sauƙi, a saya a huta, tun da ba lokaci. Har muna ƙara wa kanmu hujja a zuci, wai lantarki daban adabi daban, wai waya da batir ba su da mawallafi.

Tsohonmu yana zaune kan kujerarsa ta katako a bakin ƙofa. Idonsa ya yi yana, amma kunnensa ko allura ta faɗi sai ya ji. Da harshen Gyong ya yi maganar, mu ne muka mayar da ita Hausa a nan. Ya ce, "Dakta, ranar da za su tambaye ta abin da ke cikin akwatin, kai za ka je ka amsa mata?" Bai jira amsa ba, ya juya wajen jikarsa ya ce, "Amarya, shiga ɗakina, kan tebur, ɗauko mini Udoji."

Sai mun yi bayanin Udoji. Tsohonmu ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos. Aikinsa juya layi ne, watau shi ke jan ƙarfen da ke karkatar da jirgi daga wannan hanya zuwa waccan. A farkon 1975, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi da bashin watanni bisa shawarar kwamitin Jerome Udoji, wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure, shi kuwa ya sayo rediyo ɗan Japan mai zango uku da riga ta fata. Sunan kwamitin ya bi rediyon har ya zama nasa. A bakin wannan rediyo ya ji kisan Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976. A cikin watan Maris na 1987, da rikici ya tashi a Kafanchan, muna yara, mun tuna an kashe fitila an rufe ƙofa, an rage muryar Udoji har sai mutum ya manna kunne. Haka kuma ranar 15 ga Disamba, 2012, shi ne ya tabbatar wa gidanmu abin da ake ta raɗe-raɗinsa, cewa Gwamna Patrick Yakowa, ɗan wannan gari namu, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa. Bayan haka da 'yan shekaru Udoji ya yi shiru, masu gyara suka gaza, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle aka ajiye kan tebur.

Mu ma muna da namu bashin. Hausar da muka tashi da ita ta kasuwa ce da ta coci da ta barikin reluwe, mai saurin kai saƙo, marar damuwa da namiji ko mace. A bakin Udoji muka fara jin wata Hausar, ta masu karanta labarai a Rediyon Kaduna da Sashen Hausa na BBC, da ta Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, da barkwancin Samanja. Da ba don wannan akwati ba, da wuya a ce yau Hausa muke koyarwa. Saboda haka da muka ji tsoho ya ce a kwance shi a ɗebi abin da ke da sauran amfani, mu ne muka fara cewa a'a. Ya ce, "Shekara nawa yana kwance bai ce uffan ba? Gawa ba ta ƙin wanka."

Daren nan Auta ta baje littattafanta kan tabarma, muka zama ɗalibi ita ta zama malama. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne rediyo ba iri ɗaya ba ne, kuma zaɓen wanda za a ƙera shi ne rabin aikin. Akwai mafi sauƙi duka, irin na farkon ƙarni na 20, wanda ko batir ba ya bukata: doguwar waya a rataya kan bishiya, wata a binne a ƙasa mai laima, sai kwayil da kafasita da dayod guda da abin sawa a kunne. Da ƙarfin da tashar kanta ta watso cikin iska yake magana. Wannan ya burge mu ƙwarai, har muka ce shi za a yi, don akwai wani abu na waƙa a tattare da akwatin da ke magana ba ci ba sha. Auta ta yi dariya ta ce, "Kawu, wannan sai in tashar tana bayan gida. Nan ina Kaduna ina Kagoma? Kuma malamai biyar ba za su yi layi suna karɓar abin kunne ɗaya ba."

Can ɗaya ƙarshen kuma akwai irin tsarin Udoji kansa, wanda Ba'amurken nan Edwin Armstrong ya fito da shi a 1918. Shi wannan, kowace tasha ya kamo sai ya gauraya ta da wani kaɗawa da yake yi a cikinsa, ya mayar da ita mizani ɗaya, galibi kilohaz 455, sa'an nan ya tace ta ya ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa yake raba tashoshin da ke maƙwabtaka ba tare da sun hau kan juna ba. Amma yana da ƙananan gwangwanaye masu dunƙule a ciki waɗanda sai an daidaita su ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, kuma na'urar tana ɗakin gwaji na makaranta, makaranta kuwa tana hutu. Na FM ma ta ajiye shi gefe: a megahaz 88 zuwa 108, in ji ta, ɗan guntun waya da ya wuce tsawonsa ko yatsan da ya matso kusa ya isa ya kawar da tasha. Hanya mai sauƙi ta yin FM ita ce a sayo ɗan allo da aka riga aka haɗa a masana'anta, mai aiki da lissafin dijital, a jona masa batir da lasifika. Wannan shi ne abin da ke cikin akwatin mai shago. Yana magana sarai, amma wanda ya jona shi bai san dalili ba.

Ta yi shiru na wani lokaci tana buga biro a haƙori, sa'an nan ta zana wani abu tsaka-tsaki a bayan takardar kalanda: rediyon matsakaicin zango, mai kwayil da kafasita na zaɓen tasha, da taransista ɗaya ta ƙara ƙarfin abin da aka kamo, da dayod mai fitar da murya, da ƙaramin aisi mai ƙafa takwas, LM386, wanda zai kora lasifika. Duka kayan ba su kai ashirin ba. Muka tambaye ta dalilin wannan zaɓi, alhali ta ce ba shi da kaifin na Armstrong. Ta ce, "Wannan ne kaɗai in aka nuna kowane abu a ciki aka ce mene ne aikinsa, zan iya faɗa." Ba mu ce komai ba. Kalma a kalma, wannan ita ce shawarar da muke bai wa ɗalibanmu duk shekara idan suka zo da taken kundi mai faɗin Kogin Kwara.

Washegari aka kwance Udoji. Cikinsa ƙura ce da gidan gizo da ƙwan kyankyaso, ruwan tsohon batir kuma ya cinye gefe guda na allon. Abu uku Auta ke nema. Na farko wani baƙin sanda mai kama da gawayi, tsawon taƙi guda, wanda ake kira ferait; shi ne eriyar matsakaicin zango, ba dogon ƙarfen nan da ake zarowa ba, kuma shi ya sa tsofaffi ke juya rediyo gabas da yamma suna neman inda murya ta fi fita. Na biyu kafasita mai juyawa, wadda masu gyara ke kira gan, ita ce ke bayan maɓallin neman tasha. Na uku wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, dayod na jamaniyam. Irin na silikon da ya cika kasuwa yanzu ba ya buɗewa sai wuta ta kai kusan bolt 0.6, shi kuwa wannan tun wajen 0.2 ko 0.3 yake buɗewa, don haka raunanan tashoshi ba sa wuce shi. Sauran kayan, da dalma da allo mai huji-huji, a wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwar Kafanchan muka samo su, dattijo da yanzu gyaran tocila da caja ya fi yi. Da ya ji abin da za a yi sai ya ƙara mana wayar tagulla daga wata tsohuwar taransifoma bai karɓi ko kwabo ba.

Wayar da ke naɗe kan sandan tun asali ta tsinke a wurare da yawa, dole a sake naɗi. Littafi ya ce zagaye sittin. Auta ta naɗe takarda kan sandan, ta shiga naɗa waya siririya kamar gashi, zagaye na bin zagaye ba hawa ba giɓi, tsoho yana ƙirga mata da ƙarfi ko da yake ba ya gani, yana jin numfashinta ne kawai a kowane juyi. A nan ne ta yi masa bayanin da mu ma sai ranar muka gane. Iska cike take da tashoshi, duka suna taɓa sandan lokaci guda. Kwayil da gan idan aka haɗa su kamar lilo suke: yaron da ke kan lilo, in ka tura shi daidai lokacin da ya dawo, tura kaɗan ta isa ya yi sama, in kuwa ka tura ba kan lokaci ba sai ka tsayar da shi. Kowace tasha da saurin turarta, juya gan kuwa kamar ƙara wa igiyar lilon tsawo ne ko rage shi, har ta dace da tasha ɗaya, sauran su wuce a banza. Tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "To ai aikina ne. Jirage da yawa, dandamali ɗaya. In ka ja ƙarfen rabi da rabi, jirgi ya sauka daga layi."

Ranar haɗawa ba wuta, don haka a kan gawayi aka gasa ƙarfen narka dalma, aikinmu kuwa fifita. Da aka gama aka sa batir mai bolt 9, shiru. Ko ɗan huci babu. Auta ta bi zanen da yatsa sau uku, komai yana wurinsa. Muna kallon fuskarta muna jin kuɗin nan yana motsi a aljihu, har mun fara shirya yadda za mu sake kawo maganar mai shago ba tare da tsoho ya ji ba. Sai da magariba ta gano laifin: wayar tagulla tana da wani shafi na fenti a jikinta mai hana wuta wucewa, ita kuwa ta manta ba ta kankare bakinta ba kafin ta lika, dalma ta zauna a kai kyakkyawa amma ba ta taɓa ƙarfe ba. Da reza ta kankare. Wannan karon rediyon ya yi magana, amma ihu ya yi, wani irin kuka mai kama da na akuya a hannun mahauci, har maƙwabta suka leƙo. Wayar lasifika ce ta bi kusa da sandan, abin da ya fita yana komawa ciki yana sake fita. Ta janye wayar, ta ƙara kafasita babba a bakin batir, kukan ya kwanta ya koma huci mai laushi kamar yayyafi kan kwano.

Da rana hucin nan kaɗai ake ji, sai kuma wani gurnani da ke tashi duk lokacin da aka kawo wuta aka jona cajar waya ko aka kunna ƙwan fitila na zamani. Matsakaicin zango da rana gajeren tafiya gare shi, domin hasken rana kan ta da wani rufi a can sama mai shanye shi. Idan rana ta faɗi rufin ya watse, sai saƙon ya kai wani rufin da ya fi nisa, ya dawo ƙasa a wata ƙasar. Saboda haka muka jira dare. Wajen ƙarfe takwas, sanyin hunturu ya sauko, unguwa duhu, Auta ta shiga juya gan a hankali. Da farko wani kiɗa ya taso ya nutse. Can sai Larabci, nesa ƙwarai, kamar daga cikin rijiya. Da ta kai kusan ƙarshen juyi sai ga Hausa tangaram, wani mai wa'azi yana karatu. Da aka faɗi sunan tashar muka gane ta mishan ce, mai watso shiri daga kusa da Parakou a Jamhuriyar Benin. Yayarmu ta rangaɗa guɗa. Auta ba ta ce komai ba, hannunta kawai muka ga yana rawa kan maɓallin.

Tsoho ya saurara har mai wa'azin ya kai aya, sa'an nan ya ce, "Madalla. Yanzu kai ni Kaduna." Ya san wurinta a jikin Udoji tun da can, kusa da farkon gilashi, inda aka rubuta lamba ta kusan 600, domin a kilohaz 594 yake kama ta shekara da shekaru. Auta ta juya gan har ya tuƙe, ba ta kai wurin ba. Ta ɗauki biro ta yi lissafi a hasken tocila. Zagaye sittin ɗin littafi an yi shi ne don gan mai fikofarad 365, na Udoji kuwa bai kai rabin haka ba, don haka rediyonta daga wajen 800 ya fara, duk abin da ke ƙasa da haka ya bar shi a waje. Sai an kai zagaye kusan casa'in. Mun ce a bari sai gobe, ko ma a bar shi haka tun da yana magana, malamai ba za su sani ba. Ta dube mu ta ce, "Kawu, ni na sani." Ta warware naɗin gaba ɗaya, tsoho ya gyara zama ya soma ƙirga daga ɗaya.

Sha ɗaya ta wuce kafin a gama. Ta ɗora masa allon kan cinya, ta kama yatsunsa ta aza kan maɓallin da ya shekara arba'in yana juyawa. Ya juya zuwa farko, ya dawo kaɗan, ya tsaya. Huci ne kawai, da wani abu can ƙasa da zai yiwu murya ce, zai yiwu kuma iska ce. Auta ta ce laifin rediyonta ne, taransista ɗaya ba ta isa ba, gobe za ta ƙara wata. Ya ce, "A'a, nan ne wurin. Bar shi a nan." Muka bar shi zaune da shi a cinya muka shiga barci.

Cikin 2024 ta kare aikin. Ta ce wani malami ya nuna ɗan gilashin nan da bakin biro ya tambaye ta dalilin da ya sa ta yi amfani da tsohon abu alhali ga sababbi, ta yi masa bayani har ya ce ya isa. Makin da ta samu mai kyau ne, ko da yake wasu masu akwati mai sheƙi sun fi ta. Abin da babu wanda ya gaya mana tun farko shi ne, aikin ɗalibi ba ya dawowa gida. Sashe ke riƙe shi. Sandan Udoji da gan ɗinsa da dayod ɗinsa suna can kan wani kanta a ɗakin ajiya, da lambar Auta manne a jiki. Mun yi niyyar rubuta wa shugaban sashen takarda, malami zuwa ga malami, mu roƙi a ba mu su, tsoho ya hana.

Da muka je gida Kirsimetin da ya biyo baya mun tarar da ɓawon Udoji kan tebur inda yake, cikin rigarsa ta fata, an mayar da dunƙulensa huɗu an ɗaure, an lulluɓe shi da farin ƙyallen nan. Mun ɗaga shi don mu share ƙurar ƙarƙashinsa, muka ji ba nauyi. Tsoho ya ji motsin daga bakin ƙofa ya ce, "Dakta, a hankali da shi."